Daga Azare Zuwa Abuja A Kan Keke: Dalilin Da Ya Sa Ba Mu Sa Hannu Ba Tukuna



A zamanmu na ƙarshen watan jiya, wani matashi daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya ya shigo da takarda a hannu. Yana so a ba shi wasiƙar shaida mai hatimin ƙungiya, a buga masa riga mai ɗauke da sunan Azare, sannan ranar da zai tashi mu taru mu raka shi har bakin gari. Niyyarsa ita ce ya hau keke daga nan zuwa Abuja domin ya gaida wani babban mutum da yake ƙauna, in Allah Ya dawo da shi lafiya kuma, baɗi ya nufi Makka. Ba za mu kama sunansa a nan ba. Waɗanda suka san shi sun san yaro ne mai ladabi, yana da sana'arsa, ba ya cikin masu zaman kashe wando.

An daɗe ana ja-in-ja a kan takardar. Wasu suka ce a ba shi, ai sunan garinmu zai ɗaga. Wasu dattawa suka ce wannan wahalar da kai ce kawai, a kira mahaifinsa a ja masa kunne. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba za mu hana shi ba, amma ba za mu sa hannu ba tukuna. Tun daga ranar maganganu ke ta yawo a majalisu, har da masu cewa ƙungiya ta yi wa yaro baƙin ciki. Shi ya sa muka ga ya dace mu fito mu yi bayani, don gobe wani ma zai zo da irin wannan takarda.

Keke ba baƙonmu ba ne a ƙasar Katagum. Iyayenmu da Raleigh suka ci kasuwannin ƙauye, malaman firamare da keke suke zuwa inda aka tura su koyarwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka sake fitowa, masu faci suka samu ciniki. To amma duk wannan hawa ne na jeka-ka-dawo. Mutum ya je Madara ko Chinade, ya dawo ya ci tuwon gidansa, ya kwana a ɗakinsa. Abuja kuwa ta haura kilomita 500 daga nan, ko ta Bauchi da Jos aka bi ko ta Kano da Kaduna. Mai ƙarfi a kan keken gida marar giya, ga kaya a kariya, idan ya ci kilomita 70 a yini ya yi ƙoƙari. Ke nan sai ya shafe fiye da mako guda yana yin wannan kullum, ba ranar hutu, ba gadon da ya saba.

Mun san inda wannan sha'awa ta samo asali. A 2015 Suleiman Hashimu ya tako a ƙasa daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, ƙasa ta ɗauka, garuruwa suka riƙa tarbarsa. Daga nan abin ya zama yayi: wannan a ƙafa, wancan a keke, kowa da gwaninsa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wani bawan Allah daga jihar Gombe da shi ma ya taka zuwa Abuja a shekarar. Bayan shekara biyar sai ga shi a jaridu yana neman taimako saboda ciwon ƙafa, har sai da gwamnan jiharsa ya ba shi mota da kuɗi a 2020. Shi ya dace, an ji kukansa. A 2023 kuma wani matashi ya taso a keke daga Binuwai zuwa Legas don ya ga mawaƙi Davido, yana tsakiyar hanya mawaƙin ya fito a intanet ya ce masa ya juya, ba ya gida. Waɗannan su ne labaran da suka fito. Wanda ya je ya dawo hannu rabbana, ko ya kwanta a asibitin wani gari da ba a san shi ba, ba mai ɗaukar hotonsa.

Bari mu fara da jiki, don shi ne zai ɗauki wahalar. Abin da ke fara karya matafiyi a ƙasarmu rana ce. Tsakanin Maris da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kwalta kuma tana ƙara nata daga ƙasa. Mai taka keke a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Gumi kuwa da gishirin jiki yake fita, shi ya sa mutum zai yi ta ɗirkar ruwan leda amma jijiyar ƙafa ta ci gaba da ɗaurewa, kai na sarawa. Maganin wannan sananne ne, shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mun tambayi yaronmu ko ya san wannan, ya ce shi dai zai riƙa shan lemon kwalba.

Alamun haɗari suna zuwa ne a hankali. Fitsari ya ragu ya yi ja, jiri ya fara, zuciya ta riƙa tashi. Idan aka ƙi tsayawa sai zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya ruɗe, magana ta fara sarƙewa. A nan ne babbar matsalar tafiyar mutum ɗaya take, domin wanda ya ruɗe bai san ya ruɗe ba. Shi a ganinsa gajiya ce, bari ya ƙara kilomita biyar ya kai gari na gaba. Da akwai abokin tafiya, shi ne zai sauke shi, ya kai shi inuwa, ya jiƙa masa jiki, ya tare mota. Idan babu, sai dai wani direba mai tausayi ya hango keke a kwance a gefen titi.

Akwai kuma abin da muke jin tsoro fiye da rana, wato ƙwaya. Duk mai doguwar tafiya zai yi ciwon jiki, kuma a kowane gari akwai mai kemis da zai miƙo masa diclofenac ko ibuprofen ba tare da tambaya ba. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna, idan aka sha su jiki babu isasshen ruwa, suna iya yi wa ƙoda illa. Mu da muke maƙwabtaka da Gashuwa da Haɗeja ba sai an zaunar da mu an gaya mana abin da ciwon ƙoda ke yi wa gida ba, mun ga gonakin da aka sayar don wankin ƙoda. Balle a zo ga tramadol, wadda wani abokin banza zai ce masa ita ce sirrin masu aikin ƙarfi. Tana ɓoye gajiya da ciwo ne kawai, jiki na lalacewa mai shi bai ji ba, ga kuma sabo da ita da kan biyo mutum har gida.

Sai abin da kunya ke hana a faɗa a zaure. Sirdin keke bayan kwana biyu wuta ne. Gumi da gogayya sukan saɓule fatar mazaunai da cinya, ƙuraje su fito, idan ba a samu wurin wanka da sauya wando ba su zama gyambo. Da yawa daga masu doguwar tafiya a keke wannan ne ke sauke su, tun ƙafa ba ta gaji ba. Yatsun hannu sukan mutu saboda dannar kan keke na tsawon awanni, gwiwa kuma ta kumbura idan sirdi ya yi ƙasa da yawa, kamar yadda yawancinmu muka saba ajiye shi. Wanda ya bi ta Jos kuma zai haɗu da abin da ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ba ta koya masa ba. Azare ba ta fi mita 400 da 'yan kai a saman teku ba, Jos ta kai mita 1,200. Hawan zai sa shi sauka ya tura, gangaren kuma shi ne ke gwada birki, kuma mun ga birkin kekensa.

Ko an kauce wa bazara, kowane lokaci da nasa. A hunturu hazo kan hana direban tirela hango mai keke sai ya zo daf, ƙura ta cika ƙirji, leɓe ya tsattsage. A damina ga sauro ga kwanan waje, ga ambaliya. Ba mu manta ba a daminar 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan yankinmu. Maganar tsaro a wasu hanyoyin kuwa kowa ya sani, ba sai mun tsawaita ba.

Duk wannan jiki ne, kuma jiki ana iya horar da shi. Abin da ya fi tsaya mana a rai, wanda kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa muka riƙe alƙalami, shi ne abin da ke faruwa a zuciya.

Ranar farko daɗi ce. Mutane sun raka ka, waya na ta ƙara, kowa na sa hotonka a Facebook. Rana ta biyu da sauran zumuɗi. Daga ta uku sai duniya ta ci gaba da harkokinta. Masu yi maka sharhi sun koma kan wani labari, cajin waya ya ƙare, kana zaune a bakin masallacin wani ƙauye kana jiran a idar da isha'i ka roƙi liman wurin kwana, ana kallonka ana tunanin ko kai wane ne. Ba wanda za ka gaya wa cewa mazaunanka sun saɓule. Ka tuna mahaifiyarka da ta ce a dawo lafiya alhali idonta bai yarda ba. Ka tuna shagon da ka rufe, da kuɗin da kake ci ba ka nema. Awa takwas a kan keke kai kaɗai lokaci ne mai tsawo, tunanin da mutum ya daɗe yana guje wa a cikin hayaniyar gari duk sai ya tarar da shi a nan.

A irin wannan dare, mai hankali yakan ce ya isa, gobe zan ɗora keke a mota in koma. Wannan shawara ita ce ke ceton rai. To me zai hana yaro yanke ta? Mu ne. Rigar da muka buga masa, wasiƙar da muka sa wa hatimi, taron da muka yi a bakin gari, su ne za su tsaya masa a wuya. Zai riƙa hango majalisar unguwarsu ana cewa ga wanda ya ce zai je Abuja ya tsaya a Ningi. Mun san halinmu, sunan tsokana ba ya mutuwa a garin nan, har 'ya'yansa sai sun gada. Saboda gudun wannan sai ya ƙara ƙwaya biyu ya hau. Idan wani abu ya same shi a rana ta biyar, mu da muka tafa masa muna da kaso a ciki, ko da ba wanda zai tuhume mu. Rakiyar da yake nema a wurinmu ita ce za ta ƙwace masa 'yancin juyowa, shi kuma bai gane haka ba tukuna.

Sannan a ce ya isa. Gidan babban mutum a Abuja yana da ƙofa, ƙofar tana da masu gadi, su kuma ba su san Azare ta buga riga ba. Zai iya kwana uku a bakin get. Ko an shigar da shi, musabaha ce da hoto da ambulan, minti biyar. Mun tambaye shi abin da zai ce idan an ba shi dama, ya yi shiru, daga baya ya ce zai nuna ƙauna. Ba mu raina ƙauna ba, amma mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin irin wannan tafiya fata ce ta samun kujerar Makka, ko babur, ko aiki. Ba laifin yara ba ne su yi wannan fata a ƙasar da mai digiri ke tura baro. Sai dai ƙungiya ba za ta sa hatiminta a kan caca da lafiyar ɗan mutane ba.

Game da Makka kuwa, mun san abin yana yiwuwa. Aliyu Bala ya bar Jos a kan keke a farkon 2021, bai isa Saudiyya ba sai ƙarshen 2022, kusan shekara biyu ke nan, ta Nijar da Chadi da Sudan. Amma tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan ke cikin yaƙi, hanyar da ya bi ba ita ce ta yau ba. Mamadou Safayou Barry, ɗan Gini, ya bar ƙasarsu a keke a 2023 yana neman karatu a Azhar. Ya yi wata huɗu a hanya, kusan kilomita 4,000, an tsare shi sau uku a Burkina Faso da Togo, kuma a Chadi ya tsaya, inda masu taimako suka saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira. Ya samu gurbin karatun kyauta, Allah Ya sa albarka, amma a lura ko shi bai ratsa Sudan ba. Kakanninmu sun bi wannan hanya a ƙasa shekaru aru-aru, kuma garuruwan Hausawa da Fulani irin su Mai Wurno a Sudan shaida ne cewa da yawa sun tafi ba su dawo ba. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa Hajji yana wajaba ne a kan mai iko, amincin hanya yana cikin ikon. Wannan babin mun rufe shi a yanzu.

Wani a zaman ya kawo misalin Turawa masu zagaya duniya a keke. Gaskiya ne, Mark Beaumont ɗan Birtaniya ya zagaya duniya a 2017 cikin ƙasa da kwana 79, yana taka keke kusan awa 16 a rana. Amma da motoci a bayansa, da masu dafa masa abinci, da masu duba jikinsa, bayan shekaru yana horo. Yaronmu yana da famfo ɗaya da jakar baya.

To me ya sa ba mu hana shi gaba ɗaya ba, kamar yadda dattawa suka so? Saboda a cikin abin da yake nema akwai alheri. Matashin da ya ce zai gwada ƙarfinsa da haƙurinsa a kan hanya ya fi mana wanda ya kwana a bakin titi yana latsa waya. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma keke yana nuna wa mutum ƙasa yadda mota ba za ta nuna masa ba: ya san inda rijiya take, ya san ƙauyen da ba makaranta, ya sha furar mutanen da bai taɓa sanin da su ba. Abin kunya ne ma a ce samarinmu nawa ne suka taɓa taka garin Katagum, inda masarautar da Malam Zaki ya kafa ta zauna kafin a dawo da hedikwata Azare. Ta nan Turawan nan Clapperton da Oudney suka bi daga Kukawa za su Kano, kuma a kusa da Katagum ɗin Oudney, wanda shi kansa likita ne, ya rasu a Janairun 1824. Hanyar ta daɗe da sanin matafiya.

Saboda haka muka ce masa ya fara da gida. Daga Azare zuwa Katagum kusan kilomita 70 ne, daidai tafiyar yini guda ta hanyar Abuja. Ya je ya kwana, washegari ya dawo a kan keken, ya huta mako guda ya sake. Idan jikinsa da kekensa sun ɗauki wannan, sai mu zauna maganar gaba. Kafin nan ya je asibiti a duba masa hawan jini da ƙoda, ya zauna wurin mai gyaran keke ya koyi faci da ɗaura sarƙa da gyaran birki da hannunsa, ya kawo mana yardar iyayensa daga bakinsu. Ba za mu amince ya tafi shi kaɗai ba. Kuɗin motar dawowa, nasa da na keke, za a ajiye su wurin ma'aji tun kafin ya tashi, duk inda ya kira a tura masa ba tare da tambaya ba. Mun kuma ba shi shawara ya sauya manufar tafiyar, ya ɗaura ta a kan wani abin da zai amfani gari, kamar tara wa marayu kuɗin makaranta, ta yadda ko a rabin hanya ya tsaya abin da aka tara ya taru, kuma ba ya buƙatar kowa ya buɗe masa get.

Taron rakiya kuwa babu shi. Idan lokaci ya yi zai fita bayan sallar asuba kamar kowane matafiyi, da addu'ar iyayensa. Taron da za mu yi na tarba ne, kuma mun yi alƙawari a gaban kowa cewa za mu yi shi ko daga Abuja ya dawo ko daga Darazo. Muna roƙon 'yan majalisu su taya mu riƙe wannan alƙawari da bakinsu.

Ranar da muka gaya masa ransa ya ɓaci, ya fita bai yi sallama ba. Bayan kwana huɗu ya dawo ya ce ya yarda da Katagum, har abokansa biyu sun ce za su bi shi. Asabar mai zuwa za su tashi in sha Allahu. Mun gaya musu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ke nan a tafiya da ita za su yi ta kokawa, a dawowa ne za ta tura su, kada su auna kansu da awannin farko. Muna neman mutum ɗaya mai babur da zai bi su da jarkar ruwa, ƙungiya za ta zuba masa mai. Duk mai famfo ko tayar da ba ya amfani da ita, ya miƙa wa sakatare kafin Juma'a. 'Yan uwanmu na Katagum kuma, a taimaka musu da wurin kwana da ruwan wanka.